Muhawara a kan sunan "serotine": makararren jemage ne ko jemagen yamma?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Ina cikin aikin mayar da wani ɗan bayani a kan jemagu zuwa Hausa domin ɗaliban babbar sakandare, sai na ci karo da wani jemage na ƙasashen Turai da Asiya wanda Turawan Ingila ke kira "serotine", masana kimiyya kuma suke rubuta ɓangare na biyu na sunansa "serotinus". Ƙamus ɗin da ke hannuna ya ce kalmar daga Latin take, kuma tana nufin abin da ya zo a makare, saboda haka ban yi wata-wata ba na rubuta "makararren jemage". Da na karanta wa ɗalibaina, sai wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai kowane jemage sai rana ta faɗi yake fita, to shi wannan da wa ya yi alƙawari har aka ce ya makara?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na dara, amma har na isa gida ban sami amsar da zan ba ta ba. Abin da nake nema a wurinku shi ne asalin kalmar, sannan ku duba mini ko fassarar tawa za ta zauna ko kuwa in goge ta.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malam. Yarinyar nan ta fi ƙamus ɗin naka gaskiya. Mu da muka yi boko da Faransanci ba mu jin wata makara a cikin wannan suna, domin da zarar mun ji "sérotine" kunnenmu yana kai mu ga "soir", wato yamma, wadda ke cikin gaisuwar "bonsoir" da ko ɗan acaba a Zinder ya san ta. Wannan "soir" ɗin daga kalmar Latin "sero" ta fito, kuma tushenta ɗaya da "sera" ta Italiyanci da "seară" ta harshen Romaniya, dukansu kuwa yamma suke nufi. Sunan jemagen ma a Faransa aka raɗa shi. Wani masanin halittu mai suna Daubenton, abokin aikin fitaccen masanin halittun Faransa Buffon, shi ne a shekarar 1759 ya bambance wasu jemagu na ƙasarsu waɗanda kafin nan ake haɗa su a cuɗe, ya ba su sunayen da har yau ake amfani da su, cikinsu har da "noctule" da "pipistrelle" da "barbastelle" da wannan "sérotine". Bayan shekara goma sha biyar, a 1774, Bajamushe Schreber ya saka masa sunan kimiyya "Vespertilio serotinus". A ganina ka rubuta "jemagen yamma" kawai ka huta.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana na Damagaram, ka yi saurin yanke hukunci. Mu an koya mana Latin a sakandare tun kafin a cire shi daga manhaja, kuma ko da yake tsufa ya cinye mini yawancinsa, wannan kalma ban manta ta ba. Tushenta "serus" ne, sifa mai nufin abin da ya zo bayan lokacinsa, daga nan aka sami "sero", wato a makare, sannan aka liƙa mata ɗafa-ƙeya "tinus" wadda Rumawa ke amfani da ita su mayar da kalmar lokaci ta zama sifa. Haka suka yi wa "cras", gobe, ta zama "crastinus", na gobe, wadda daga cikinta Turanci ya samo kalmarsa ta ɗage aiki kullum a ce sai gobe. Haka kuma "diu", daɗewa, ta zama "diutinus", mai daɗewa. Ke nan "serotinus" tun a ginin jikinta na makara ce, yamma kuwa daga baya ta shigo.

Kuma idan ka duba inda Rumawa suka fi sa ta, a gona ne. Marubutansu na harkar noma suna kiran 'ya'yan itacen da ke nuna a ƙarshen kaka da wannan suna, bayan 'yan uwansu sun daɗe da ƙarewa a kasuwa. A fassarar Baibul ta Latin da Jerome ya kammala wajen shekarar 405, inda ake maganar ruwan farko da ruwan ƙarshe na damina, kalmar da ya sa wa ruwan ƙarshen ita ce wannan. Babu yadda za a yi a ce ruwan yamma ake nufi a wurin, ruwan da ke zuwa a ƙarshen lokaci ne, wanda amfanin gona ke ƙosawa da shi. Duk wanda ya tashi a ƙauye irina ya san wannan bambanci tsakanin gero da maiwa: tare ake iya shuka su, amma gero a girbe shi tun damina ba ta ɗauke ba, ita kuwa maiwa tana tsaye a gona har iskar kaka ta fara kaɗawa. Da Barume zai ga maiwa, "serotina" zai kira ta. Saboda haka Malam Mai Fassara bai yi kuskure ba.

Ɗan Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa tushen ba. Abin da nake cewa shi ne, shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari bakwai ce tsakanin manoman Rum da Daubenton, kuma kalma ba ta zama wuri ɗaya tsawon wannan zamani. Tun a Latin ɗin ma akwai "serum" da ke nufin ƙarshen yini, wato lokacin da rana ta yi nisa. Abin da ya faru shi ne mutane sun riƙa cewa "lokaci ya ƙure" idan rana ta sunkuya, har kalmar ƙurewar ta zama sunan wannan yanki na yini. Ba Faransawa kaɗai suka bi wannan hanya ba. Mutanen Sifen da na Fotugal kalma ɗaya suke da ita, "tarde", ita ce a makare, ita ce kuma yamma, sai dai jimla ta nuna wadda ake nufi. A Italiyanci "serotino" har yau tana ɗauke da ma'anonin biyu, ɗan itacen da ya makara da kuma abin da ya shafi maraice. To idan mutum yana raɗa wa dabbar da ke fita da faɗuwar rana suna, wace ma'ana ce ta fi kusa da hankali?

Likitan Dabbobi:
Ku ba ni dama in kawo shi kansa jemagen cikin maganar, tunda tun ɗazu sunansa ake juyawa ba a tambaye shi ba. Yana cikin manyan jemagu masu cin ƙwari a Turai: idan ya buɗe fukafukansa sukan kai kusan santimita 37, nauyinsa kuma tsakanin giram 15 zuwa 35 ne, wato bai kai ƙwan kaza ɗaya ba. Gashinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, fuska da kunnuwa baƙaƙe, fukafukan kuma masu faɗi, abin da ya sa Jamusawa a yau suke kiransa da sunan da ke nufin jemage mai faɗin fiffike. Kusan kullum a gine-ginen mutane yake kwana, a cikin rufi da tsagar bango, abincinsa kuma manyan ƙwari ne irin su buzuzu da sauran masu tauri a baya, waɗanda yake cafkewa a sama ko ya sauko ya ɗauke su daga ƙasa a makiyaya. Macen takan haifi ɗa guda a shekara, a lokacin zafinsu.

Abin da ya shafi muhawararku shi ne lokacin fitarsa. Masu ƙidayar jemagu a kudancin Ingila da sauran wurare suna zama a gaban gida tun kafin faɗuwar rana suna lura da agogo, kuma abin da aka sani shi ne wannan jemage yana cikin masu fita da wuri, yawanci cikin rabin sa'a bayan rana ta faɗi, sau da yawa ma da sauran haske har ana iya ganin siffarsa sarai a sararin sama. Akwai waɗanda suka fi shi jinkiri nesa ba kusa ba, kamar jemage mai dogayen kunnuwa da kuma masu farauta a kan ruwa, waɗanda sai duhu ya kankama suke leƙowa. Wani abin dariya shi ne, ɗaya daga cikin masu farautar kan ruwan an sa masa sunan Daubenton ɗin nan a 1817, kuma shi ne ke fita bayan wanda Daubenton ya kira "sérotine". Idan dai makara ake nema, ba wannan ne ya kamata ya ɗauki laifin ba.

Mai Fassara:
Likita, wannan bayani ya ɗaure mini gindin goge fassarar. Idan dabbar tana cikin masu riga fita, ai kiranta makararriya ƙarya ce zan koya wa yara.

Tsohon Hedimasta:
Dakata, Malam, kada ka goge tukuna. Makara ba ta da ma'ana sai an ce an makara a kan wa. Yaron da ya iso makaranta ƙarfe takwas ya makara idan an kaɗa ƙararrawa bakwai da rabi, amma ya riga wanda zai zo ƙarfe tara. Likita ya gwada shi da waɗanda ke bayansa, ni kuma ina so ya faɗa mana wanda ke gabansa. Masanan ƙarni na 18 ba su da na'urar sauraron kukan jemage, ido kawai suke da shi, kuma manyan jemagun da ido ke iya rarrabewa a sama da yamma ba su da yawa. Likita, tsakanin wannan da "noctule", wa ke riga wani?

Likitan Dabbobi:
Baba ya kama ni, kuma dole in faɗi gaskiya. "Noctule" ne ke riga fita. Shi wani lokaci tun rana ba ta gama ɓacewa ba ake ganinsa can sama yana shawagi, har yakan haɗu da tsuntsayen da ba su riga sun koma sheƙa ba. Girman su biyun ya yi kusa, kuma su ne aka saba gwamawa. Akwai ma shaidar da ta fi wannan ƙarfi a ɓangaren Baba, wadda ba zan ɓoye ba. Mutanen Holan suna kiran jemagen namu "laatvlieger", ma'ana mai tashi a makare, kuma tsofaffin littattafan Jamusanci sun riƙa kiran "noctule" mai tashi da wuri, namu kuma mai tashi a makare. A harshen Polan da na Rasha ma sifar da aka liƙa masa ta makara ce. Amma kafin Baba ya yi murna, su mutanen Cek sunan da suka ba shi yana nufin jemagen maraice ne. Wato Turawan da kansu, da suka zo mayar da kalmar Latin ɗin zuwa harsunansu, sun rabu gida biyu daidai yadda kuka rabu a nan. Sai ku ƙara da wannan: "noctule" ya samo sunansa ne ta hanyar Italiyanci daga kalmar Latin ta dare, ga shi kuwa shi ne wanda ya fi kowa ƙin jiran dare.

Ɗan Damagaram:
To ai wannan na ƙarshen ya nuna cewa ba da agogo a hannu aka raɗa sunayen ba. Idan wanda aka kira na dare yana fita da sauran rana, ba za a kafa hujja da cewa an auna mintocin fitar ɗayan kafin a ba shi suna ba. Sunayen na Holan da Polan kuwa fassarar kalmar Latin ce da aka yi daga baya, irin wadda Malam Mai Fassara ya yi da ƙamus a hannunsa.

Tsohon Hedimasta:
Ko kuma mutanen da ke zaune da dabbar a rufin gidajensu sun ga sunan ya dace da abin da suke gani, shi ya sa suka riƙe shi. Ba duk mai fassara ne makaho ba, ɗana.

Malamar Tsirrai:
Gafara dai, malamai. Ina bin maganar tun farko, kuma ina ganin akwai wani reshe na kalmar da zai taimaka wa Malam wajen zaɓen Hausar da ta dace, domin mu a fannin tsirrai kullum muna tare da ita. Akwai wata bishiyar ceri ta Arewacin Amurka mai suna "Prunus serotina", an kira ta haka ne saboda tana fure bayan sauran danginta sun gama nasu, wanda ya yi daidai da maiwar Baba. Amma abin da ya fi ban sha'awa shi ne ɗabi'ar da muke kira "serotiny". Wasu itatuwa ba su zubar da irinsu idan ya ƙosa, sai su riƙe shi a kulle a kan reshe shekara da shekaru suna jiran wani abu ya faru, kuma mafi yawan lokaci abin da ake jira gobarar daji ce. Wasu nau'o'in bishiyar fain na Kanada da Amurka ƙwansonsu a liƙe yake da ƙaro, kuma ƙaron ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 45 zuwa 50 a ma'aunin Salsiyas. Idan wuta ta bi ta wuce, ƙwanson ya buɗe, irin ya zubo a kan toka, a filin da babu inuwa kuma babu ciyawar da za ta yi gasa da shi. An ga haka ƙarara bayan babbar gobarar dajin Yellowstone ta 1988, inda ƙananan bishiyoyi suka tsiro birjik a wuraren da suka ƙone. Itatuwan "Banksia" na Ostareliya da wasu "Protea" na Afirka ta Kudu ma haka suke yi.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, idan ina koyarwa ba na taɓa cewa irin ya makara. Makara a Hausa tana ɗauke da zargi: akwai lokacin da aka sa, kai kuma ka kasa cika shi, shi ya sa ake cewa mutum ya makara sallar asuba ko ya makara jirgi. "Latti" da muka aro daga Turanci ta ma fi ta nauyin laifi, tunda da bulalar bakin ƙofar makaranta muka san ta. Abin da bishiyar nan ke yi jinkiri ne, kuma jinkiri yana iya zama da gangan, yana iya zama alheri kamar yadda muke faɗa. Kalmar Latin ɗin ba ta rarrabe tsakanin waɗannan, tana cewa ne kawai abin ya zo a baya. Ina ganin abin da ya ba ɗalibar Malam dariya ba kuskuren ma'ana ba ne, zargin da ke cikin "makararre" ne, wanda babu shi a asalin kalmar.

Mai Fassara:
Malama, wannan ita ce amsar da na rasa a aji. Yarinyar ta ji alƙawari a cikin kalmar domin ni na sa shi a ciki.

Ɗalibar Jinya:
Ina neman afuwa idan na kauce. A darasinmu akwai sinadarin jiki da ake kira "serotonin", wanda aka ce yana da hannu a barci da yanayin zuciya. Tunda barci na dare ne, shin shi ma daga wannan tushe yake?

Tsohon Hedimasta:
A'a, 'yata, kama ce kawai ta rubutu. A Latin akwai "serum" guda biyu da suka bambanta a furuci: mai dogon wasali ita ce ƙarshen yini da ɗan uwanki na Damagaram ya ambata, mai gajeren wasali kuwa ita ce tsararon ruwan da ke rabuwa da madara idan ta yi kindirmo, daga nan likitoci suka ari kalmar suka sa wa ruwan da ke rage idan jini ya daskare. Masu binciken da suka ware sinadarin a Amurka a 1948 sun same shi ne a cikin ruwan jini yana sa jijiyoyi su tsuke, sai suka haɗa kalmar ruwan jinin da kalmar ɗaurewar jijiya. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, mu da "makara" ta zuwa a baya da "makara" ta ɗaukar mamaci rubutunsu ɗaya, karin sauti kaɗai ya raba su.

Almajirin Nahawu:
Allah ya gafarta malamai. Ni ban san Latin ba, amma na lura da wani abu a sunan da Schreber ya bayar wanda ba a tsaya a kansa ba, wato kalmar farko, "Vespertilio". Na karanta cewa ita ce sunan jemage a Latin, kuma daga "vesper" take, wato maraice, wadda kuma suke kiran tauraruwar yamma da ita, wadda mu muke ce wa Zara matar wata. Idan haka ne, to fassarar ɗan uwana na Damagaram za ta mayar da cikakken sunan ya zama "na maraice na maraice", kuma a ƙa'idar da aka koya mana sifa tana zuwa ne ta ƙara wa abin da take sifantawa wani abu da ba shi da shi. Wannan ya sa na karkata ga Baba.

Sannan haɗuwar lokaci da wani abu daban a kalma ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. "Yamma" lokaci ce kuma kusurwa ce, haka "magrib" a Larabci, ita ce faɗuwar rana, ita ce mafaɗar rana, har ta zama sunan ƙasar Maroko, mu kuma muka aro ta muka ce magariba kamar yadda muka aro azahar da la'asar da lisha. Amma Larabawa ba ta lokaci suka bi wajen sa wa jemage suna ba. "Khuffash" daga tushen da ke nufin raunin gani da ƙanƙantar ido yake, kuma daga wannan tushe ne laƙabin Akhfash ya fito, wanda fitattun malaman nahawu uku suka shahara da shi, babba da na tsakiya da ƙarami.

Ɗan Damagaram:
Malam, hujjarka mai kyau ce, amma sunayen kimiyya ba su bin ƙa'idar nahawu, cike suke da maimaici, har akwai dabbobin da kalma ɗaya aka rubuta musu sau biyu. Kuma Daubenton da ya fara raɗa sunan ba "vespertilio" yake cewa ba, "chauve-souris" yake cewa, wato ɓera mai sanƙo, wadda babu maraice a cikinta. Shi kansa "pipistrelle" da ya sa wa wani daga Italiyanci "pipistrello" yake, wadda ita ma "vespertilio" ce da bakin mutane ya tauna ta tsawon ƙarnoni har ta canza kama. Ka ga ke nan a jerin sunayensa akwai na dare, akwai na maraice, me zai hana na uku ya zama na yamma?

Tsohon Hedimasta:
Tunda an kawo "vesper", bari in tuno muku wani baiti da aka sa mu haddace. Mawaƙin Rum Ovid, wanda ya rayu a zamanin Sarki Augustus, ya ba da tatsuniyar wasu 'yan mata da suka ƙi fita bikin wani abin bautarsu suka zauna suna saƙa, sai aka mayar da su jemagu. A ƙarshen labarin ya ce suna zama a gidaje ba a daji ba, suna ƙin haske, suna tashi da dare, kuma sun samo sunansu daga "sero vespere". Ku dubi kalmomin nan biyu a jere. Idan da "sero" yamma take nufi a wurinsa, da bai buƙaci "vespere" ba. Abin da yake cewa shi ne maraicen da ya yi nisa, abin da mu za mu kira almuru, ba la'asar sakaliya ba. Wannan ne ma ya sa "jemagen yamma" ba ta gamsar da ni, domin yammarmu tana farawa tun bayan la'asar, lokacin da yara ke ƙwallo a fili, kuma babu jemagen da ke fita a lokacin.

Likitan Dabbobi:
Akwai wata matsalar ta aiki ga "jemagen yamma" ko "jemagen almuru". Dukan dangin da wannan jemage yake ciki sunansu "Vespertilionidae", kuma sun haura nau'i 400 daga cikin fiye da 1,400 da aka sani a duniya. Idan Malam ya ba nau'i ɗaya sunan maraice, me zai kira dangin gaba ɗaya idan ya iso kansu a shafi na gaba? Ga shi kuma sunan "serotine" ya daɗe da tsallake nau'in da aka raɗa wa. Ana kiran ƙananan jemagu da dama na Afirka da shi saboda kamanni kawai, har da wani ɗan mitsitsi da ake samu a Najeriya wanda ke kwana a cikin sabon ganyen ayaba tun yana naɗe. Babu wanda ya duba lokacin fitarsu kafin ya ba su sunan. Shi ma na Turan an sauya masa kalmar farko: ya daɗe a ƙarƙashin "Eptesicus", sannan a 2023 wasu masana suka mayar da shi "Cnephaeus", wadda ta fito daga kalmar Girkanci mai nufin duhun magariba. Kalmar "serotinus" ce kaɗai ba ta motsa ba tun 1774.

Game da Hausar kuma, a garinmu muna raba biyu. Jemage shi ne babban nan mai fuskar kare da ke rataye a bishiyar mangwaro ko ɗurumi yana cin 'ya'yan itace, irin waɗanda ke rufe sama da yamma a tsakiyar birnin Accra. Ƙaramin da ke shiga silin ajin makaranta ko rufin masallaci, wanda ake gane yana nan ta warin kashinsa da baƙaƙen ƙwayoyin da ake sharewa kowace safiya a gindin bango, birbiri muke ce masa. Jiya da goshin magariba na tsaya a bayan ɗakin ajiyar magungunanmu na ƙirga guda goma sha ɗaya suna zubowa ɗaya bayan ɗaya daga wata tsaga a ƙarƙashin kwano, ladan bai kai ga gama kiran salla ba. Ta fuskar abinci da wurin kwana, na Turan nan birbiri ne.

Almajirin Nahawu:
A wajenmu duka biyun jemage muke cewa, birbiri sai a bakin tsofaffi. Idan Malam ya rubuta birbiri, ya tabbata ya yi bayani, domin rabin ɗaliban birni ba su taɓa jin ta ba.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai, malamai. Ga abin da na tsayar. Na goge "makararren jemage". Ban kuma sa "jemagen yamma" ba, saboda dalilin Likita da na Baba. Na bar sunan a matsayin suna, na rubuta shi "serotin" yadda yara za su iya furtawa, sannan a ƙarƙashinsa na sa jimla biyu: cewa ɗan jemage ne mai cin ƙwari irin wanda wasu ke kira birbiri, kuma sunansa daga kalmar Latin yake mai nufin abin da ke zuwa a baya, wadda daga cikinta kalmar yamma ta fito a Faransanci da Italiyanci. "Jemagun almuru" kuma na ajiye wa dangin gaba ɗaya. Ranar Litinin zan karanta wa yarinyar, in gaya mata da "noctule" aka yi alƙawarin.

Ɗan Damagaram:
Wannan maganar ta ƙarshe hukunci ce ka yanke wa Baba ta bayan gida, Malam. Ka gaya mata cewa mutanen Cek ba su yarda an yi wani alƙawari ba.

Tsohon Hedimasta:
Ya gaya mata duka biyun. Amma "mai zuwa a baya" da ya rubuta, ɗana, ita ce maiwar da na faɗa tun farko.

Malamar Tsirrai:
Malam Mai Fassara, idan ka iso babin tsirrai ka tuntuɓe ni kafin ka fassara "serotiny", domin a can "zuwa a baya" ma ba za ta wadatar ba. Ni "riƙon iri" nake ce wa ɗalibaina, kuma har yanzu ina neman wadda ta fi ta.